Ƙofar da Ban Buɗe wa Inna Ba

Na daɗe ina kewaya wannan babin. Na rubuta na yarinta, na rubuta na makaranta da na aiki, har na tsallake na fara na ritaya, sannan na dawo. Abin da ya dawo da ni magana ce da na tsinta a bakin ɗana Usman ranar sunan 'yarsa. Yana gaya wa wani abokinsa cewa da muna da gida a cikin birni, a Kwarbai, amma Baffa Dalhatu ya sayar da shi kakarsu tana ciki da ranta. Ban tanka ba, don taro ne. Sai dai na lura ku 'yan'uwansa ukun kuna wurin, ba wanda ya gyara masa, na gane haka ku duka kuka ɗauki zancen. Ban san wanda ya gaya muku ba. Mai yiwuwa ba kowa, shirun da na yi shekara da shekaru ne ya koya muku. To, ba haka abin ya faru ba, ko in ce ba haka kaɗai ba. Zan faɗe shi yadda na riƙe shi, inda tunina ya kauce Allah ya yafe mini.

Gidanmu na Kwarbai gidan ƙasa ne, irin wanda ake shiga ta zaure, a ratsa soro na biyu, sannan a faɗa tsakar gida. A zauren nan mahaifinmu, Malam Iro, ya ƙare rayuwarsa yana ɗinkin babbar riga da allura har idonsa ya ƙi. Da Allah ya karɓi ransa, a ƙarshen wata damina, ya bar mu 'ya'ya goma, ba duka ɗaki ɗaya ba, da mata ɗaya, ita ce Inna, wadda ta haifi Yaya Dalhatu da ni. Malamin da aka kira rabon gado ya zagaya gidan sau biyu, ya ce ko da igiya aka auna ba yadda za a yanka shi kowa ya sami wurin shimfiɗa tabarma ya kuma sami hanyar fita. Sai dai a sayar a raba. Ba wanda ya yi gardama, domin duk mun riga mun fita. Matan suna gidajen aurensu, ni ina haya a Tudun Jukun da mahaifiyarku, Yaya yana kusa da shagonsa na yadi. Mutum ɗaya ce maganar ta taɓa a jikinta, ita ce Inna.

Sashen Inna yana can ƙurya, jingine da katangar baya. Ɗaki ɗaya ne mai rufin azara, da rumfar kwano a gabansa, da ɗan wurin girki, da makewayi, da filin da bai wuce a shanya zani uku ba. Na auna sashen da ƙafata, taku goma sha ɗaya a tsaye, tara a kwance. Daga baya na auna da tef har sau uku, kamar awon zai ƙara masa faɗi. A ɗakin aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu, kuma daga rumfar nan ake zuwa ɗaukarta duk gidan da naƙuda ta tashi, don ita ce ungozomar unguwar. In an yi sallama da Malam sau ɗaya, an aiko neman Inna sau biyar. Bayan katangarta akwai wani siririn lungu da ba ya ɓullewa ko'ina, iyakarsa ƙofar gidan Baba Shehu baduku, aminin mahaifinmu. Shi da iyalinsa kaɗai ke bin sa, shi ya sa kowa ke ce masa lungun Baba Shehu.

Bayan sadakar arba'in, muna zaune a zaure, Yaya ya dube ni.

"Nuhu, kai ne mai albashi. A cire sashen Inna daban, a yi masa kuɗi, ka saya. A zare rabonka da nata a ciki, ka cika sauran. Ta zauna a ɗakinta har Allah ya yi ikonsa. In ka ga dama ma ka ɗora ɗaki ɗaya a sama ka dawo gida, ka huta da haya."

Kowa ya ce madalla. Ku lura, daga bakin Baffanku shawarar ta fito, ni ko a mafarki ba ta zo mini ba. Abin da zan cika kuwa ina da shi a ajiye, don kada wani ya ce muku rashi ne ya hana. Sharaɗi biyu ne kawai. Na farko, mai sayen babban gidan, wani Alhaji Tanimu mai hatsi da ya taso daga ƙauye yana neman zaman birni, ya ce ba zai yarda baƙi su riƙa ratsa zaurensa da tsakar gidansa su wuce ta cikin iyalinsa ba, kuma gaskiya ce ya faɗa. Don haka dole a toshe sashen ta ciki, a fasa masa ƙofarsa ta baya zuwa lungu. Na biyu, a gama komai kafin ruwan farko, domin ba wanda zai kashe ƙarfinsa yana yaɓe gidan da za a sayar.

A cikin birni, iyakar sanina, ba a fasa ƙofa a lungun mutum sai an nemi yardarsa. Ana duba kada ƙofarka ta kalli tasa, kada ruwan indararonka ya ci gindin katangarsa, kada baƙinka su takura wa matansa. In ya ce to, an gama. Yaya bai bari an kwana ba. Ranar, da aka idar da la'asar, ya tare Baba Shehu a ƙofar masallaci, liman na tsaye, dattawan unguwa suna neman takalmansu, ya faɗa masa buƙatar. Tsohon bai ma bari ya kai ƙarshe ba.

"Don Inna? Haba Dalhatu, wannan har abin tambaya ne? Ita ta yanke wa 'ya'yana cibiya tun daga Garba har auta. Ku fasa. In kuna so ku fasa biyu."

Aka yi dariya, liman ya ce Allah ya bar zumunci, aka shafa. A hanya Yaya ya ce mini, "Gobe ka kira magini." Na ce in sha Allahu. Da na kira shi, aikin yini ɗaya ne.

Nan ne ya kamata in yi muku bayanin kaina, ba don in wanke kaina ba. Ni ne na farko da ya yi digiri a gidanmu, kuma aikin da na samu aikin ajiye fayil ne. Shekara da shekaru ina zaune a bayan tebur ina kallon mutane suna zuwa da gaskiyarsu suna komawa da hawaye, don takarda ɗaya ta ɓata ko wani bai sa hannu ba. Na ga dattijon da ya yi wa gwamnati aiki har ya tsufa, aka ce ba shaidar ranar da ya fara. A lokacin kuma ana ta zancen rusau, na ga gidaje a bayan gari da aka shafa wa jan fenti. Sai ya zauna mini a rai cewa duk abin da ba a rubuta ba aro ne, ranar da mai shi ya so zai karɓe. Na ce wa kaina, idan na zuba abin da na tara a wuri, na ajiye mahaifiyata a ciki, bayan shekara biyar wani ya zo ya ce ƙofar nan ba ta kan ƙa'ida, a toshe, ina zan kai ta? Ina ganin a lokacin na ɗauka wannan shi ne hankali. Har yanzu ma ban iya cewa tsoron ƙarya ne gaba ɗaya. Abin da ban auna ba shi ne inda zan kai ta idan ban fasa ƙofar ba sam.

Maimakon gidan magini, sai na nufi ofisoshi. Na je na filaye, suka tura ni na tsara gari, su kuma suka ce mai kula da irin wannan ya tafi taro, in dawo jibi. Mako uku na yi ina wannan zirga-zirga kafin na sami wani ma'aikaci mai furfura da ya ba ni kujera ya saurare ni. Na shimfiɗa masa zanen da na yi da biro, da awon kowace kusurwa. Ya jujjuya takardar.

"Malam, wannan gida ne ko ɗaki?"

Na ce gida ne, ƙarami dai.

Ya ce in ina son takardar mallaka, sai na kawo zanen safiyo mai awon fili, da shaidar rabon gado daga kotu, da takardar mai unguwa, da shaidar cewa wurin yana da hanyar shiga tasa ta kansa. Ya ce ko na kawo duka, bai yi mini alkawari ba, domin wurin bai kai girman da aka saba yi wa takarda ba. Ɗakin saman da nake tunanin ɗorawa kuwa, in zan nemi izinin gini, ana so a bar fili tsakanin gini da iyaka ta kowane gefe.

"In ka bar filin nan," in ji shi, "abin da zai rage maka sallaya ce."

Sai ya sassauta murya.

"Ni ma ɗan cikin ganuwa ne. Gidanmu kakan kakana ya gina shi, ba mu da ko tsinken takarda, ba wanda ya taɓa tambayarmu. Tsohon gini ne wannan, ba sabon fuloti ba. In ni ne kai, mai unguwa ya shaida, dattawa su shaida, a raba goro, in shiga abina."

Na ce, "Amma a doka fa, ranka ya daɗe?"

Ya kalle ni ɗan lokaci, ya miƙo mini zanena.

"A doka, in kana so fayil ɗinka ya motsa, kawo shaidar hanya a rubuce."

Mutumin nan ya ba ni shawara biyu, ɗaya daga zuciyarsa, ɗaya daga teburinsa. Na ɗauki ta teburin na baro ɗayar a can.

A tsakanin nan har na je na duba wani fili can bayan gari, wajen dutsen Kufena, wanda aka ce yana da takardu cikakku. Na yi tunanin ko in gina mata ɗaki biyu a can, kowa ya huta. Da na kawo mata zancen tana tsintar shinkafa a rumfa, ba ta ɗago ba.

"Wa zan gaisa da shi a can, Nuhu? Dutsen?"

Na ce ai wurin zai cika nan gaba.

"To, ka kai waɗanda ke da nan gaba."

Ban sake tayar da maganar ba. Yaya kuwa duk Juma'a in mun haɗu sai ya ce, "Malam Takarda, an kira maginin ko har yanzu ana karatu?" In ce saura kaɗan, ina so ne a yi abin yadda ba zai warware ba. Ya ce, "Zafi ya fara, ka dubi gabas."

Kwana uku na yi ina tsara takardar yardar Baba Shehu. Na rubuta, na soke, na sake. Na kai shagon kwamfuta aka buga mini da Hausa da Turanci, kwafi biyu. A ciki na sa cewa shi Malam Shehu ya amince, shi da magadansa, har abada, ba janyewa, cewa masu wannan sashe suna da haƙƙin bin lungun. Na yi alfahari da wannan jimla, ina ganin na toshe kowace kafa. Na sayi tawadar dangwale, don na san bai iya sa hannu da boko ba. Da safen da zan tafi, mahaifiyarku ta ga ina saka su a jaka.

"Malam, mene ne wannan kuma?"

Na gaya mata.

"Ai na ji an ce ya riga ya yarda."

Na ce da baki ne.

"To da me mutum ke yarda? Ka kai masa goro, Malam. Kada ka kai wa tsohon nan takarda."

Na ce mata abubuwa ne na ofis, ba lallai ta gane ba. Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa tuna mini da wannan maganar ba har ta koma ga Mahaliccinta. Na sayi goron, na kuma tafi da takardar.

Na same shi a zaurensa da hantsi, ƙafa a miƙe, jar fata a kan cinya, yana huda ta da basilla da lalube, don shi ma idon ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goro. Ya yi murna, ya yi ta sa albarka, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya.

"Ina maginin naku? Kullum ina kasa kunne in ji guduma, shiru."

Na ce yana tafe, Baba, akwai dai ɗan abin da ya rage. Na zaro takardar na miƙa da hannu biyu. Ya shafa ta da yatsunsa, ya kai ta dab da ido.

"Mece ce wannan?"

Na karanta masa ta Hausar, a hankali, har ƙarshe. Na buɗe tawadar na ajiye kusa da gwiwarsa. Ya soke basillar a jikin fatar.

"Nuhu, ranar sunanka ni na riƙe ragon, ubanka ya yanka. A ƙofar masallaci na yi magana, liman na tsaye. Wanne ne bai isa ba, bakina ko masallacin?"

Da na yi shiru a nan, na naɗe takardar na ba shi haƙuri, ina jin da an wuce wurin. Amma sai na nemi in yi bayani, kuma na zaɓi mafi munin bayani.

"Wallahi ba don kai ba ne, Baba. Don bayan rai ne."

"Au," ya ce. "Har ka shirya mini tafiyar."

Bai ɗaga murya ba, bai kore ni ba. Ya ture tawadar da bayan hannu, a hankali, kada ta zube masa a fata.

"Ajiye ta nan. Tunda abin ya koma na takarda, ni ba ni da ido, ba ni da boko. Garba zai duba."

Garba shi ne babban ɗansa, direban babbar mota, mun yi wasan ƙasa tare a lungun nan. Ya kai takardar wurin wani mai rubuta wa mutane ƙara a bakin kotu, shi kuma ya gaya masa cewa duk ranar da tsohon ya dangwala yatsa, rabin lungun ya fita daga hannunsu, ko rumfa ba za su iya kafawa ba sai da izinina. Ban sani ba ko haka dokar take. Abin da na sani, kalmomin da na zaɓa da kaina su aka karanta masa. Bayan kwana huɗu Garba ya same ni a ƙofar gidanmu, ƙannensa biyu a bayansa, ya miƙo mini takardar a naɗe.

"Maganar baki ta Baba ce, ya isa da ita, ba mai ja. Amma wannan ba da shi ka yi ta ba, da mu ka yi, da 'ya'yanmu. Har abada fa ka ce, Nuhu. Kai ka ga abada?"

Na ce a yaga ta, a koma kan maganar farko.

"Wanda ya zo da takarda yau, gobe da lauya zai zo. Mu dai ba mu son ƙofa a lungunmu."

Da Yaya ya ji, bai zage ni ba, ko da yake na so ya zage ni. Ya zauna ya riƙe kai, can ya ɗago.

"Saurara. Baba Shehu bai janye maganarsa ba, yaran ne ke hayaniya. Gobe da sassafe ka kawo magini ya fasa. In rami ya buɗe, ba wanda zai zo ya toshe wa Inna ƙofa a unguwar nan, kunya ba za ta bar su ba. Da la'asar mu je mu durƙusa mu ba da haƙuri."

Wannan ita ce dama ta biyu, kuma ina ganin ita ta fi ta farko nauyi a wuyana. Na ce masa yanzu magana ta zama rigima, in na fasa bayan sun ce ba su yarda ba, za a iya cewa na shiga haƙƙin mutane, ni kuma ma'aikacin gwamnati ne, in aka kai ni ƙara zai shiga fayil ɗina. Na ce a bari liman ya sasanta tukuna. Liman ya ce zai yi magana da Garba in ya dawo daga tafiya. Garba ya dawo ya sake tafiya. Na je gidan mai unguwa sau uku, ya ce shi da an fasa da ya san abin da zai ce, amma ba ya iya tilasta wa mutane su yarda da ƙofar da babu ita.

Sau biyu Alhaji Tanimu ya zo a kammala ciniki, sau biyu Yaya yana ba shi haƙuri. 'Yan'uwanmu mata suka fara aiko da saƙo, wasunsu da buƙata ta gaske, ba zan zarge su ba. Sai ga ruwan farko, da iska, ya zubar da kusurwar zaure. Alhaji ya ce shi kam ko a ba shi gidan gaba ɗaya yanzu ya gyara abinsa, ko ya nemi wani. Aka taru a tsakar gida. Yaya ya tambaye ni a gaban kowa ko ina da ƙofa. Na ce ana kan magana. Ya ce ba wannan ya tambaya ba. Na ce babu.

"Na riƙe maka har hannuna ya sage, Nuhu," ya ce. "Je ka gaya mata da bakinka. Ni ba zan iya ba."

Wannan shi ne sayarwar da kuka ji an ce Baffanku ya yi.

Na same ta a rumfa. Na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa an sami 'yar matsala, wataƙila na ɗan lokaci ne, za a duba. Ta bar ni har na gaji.

"Yaushe za mu tashi?" ta ce.

Ranar kwashe kaya matan unguwa suka cika sashen har ba wurin taka ƙafa, wasu na kuka, ita tana ba su haƙuri kamar su aka tasa. Gadonta na ƙarfe mai rumfa bai shiga ƙofar ɗakinmu na Tudun Jukun ba, sai da aka kwance shi aka jingine a bayan gida, a can ya yi tsatsa. Binta, ke za ki iya tunawa, a ɗakinki aka shimfiɗa mata katifa. Gidan siminti ne, da famfo, da lantarki in an kawo, na riƙa gaya wa kaina ai ta ma fi samun sauƙi. Amma a Tudun Jukun ba wanda ya san ta. Matan layin asibiti suke zuwa haihuwa, in sun gaishe ta sai su ce sannu kakar su Binta. Matar da ba ta taɓa yini ba a yi sallama da ita ba, sai ta yi mako ba wanda ya nemi ta. Labarin Kwarbai yana iso mata bayan ya huce, a ce wance ta haihu har an yi suna, wane ya rasu har an yi uku. Ta rage cin abinci, ta rage magana. Likita ya ce hawan jini ne da tsufa, kuma mai yiwuwa haka ne, ni ba likita ba ne. Ba ta taɓa ce mini kai ka jawo ba. Na sha zama kusa da ita ina jira ta faɗa, ba ta faɗa ba.

Sau ɗaya ta roƙe ni in mayar da ita cikin birni, wata bakwai kafin rasuwarta. Matar Baba Shehu ce ta rasu, ƙawarta tun suna amare, wannan karon kuma labari ya zo da wuri. Na ari motar wani abokin aikina, muka ajiye ta a bakin titi, muka shiga da ƙafa, tana dogara sanda ina riƙe da gwiwar hannunta. Tun da aka sayar da gidan ban sake bin wajen ba. Ba hanyar zuwa gidan makokin sai ta lungun.

Muna karya kwana na gan ta. Ƙofar ƙarfe ce, shuɗiya, da ɗan dakalin siminti a gabanta, a daidai inda na taɓa sa alama da alli. An karkatar da indararo gefe yadda ruwa ba zai taɓa katangar kowa ba. Na tsaya ina kallonta. Garba yana kan tabarmar karɓar gaisuwa a bakin lungun, ya ga inda nake kallo, ya taso muka gaisa, na yi masa ta'aziyya. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa, yana kallon ƙasa.

"Alhaji ne ya ɗauko tsohuwarsa daga ƙauye, ta ce ba ta son hayaniyar jikoki. Ya zo ya gaida Baba, ya ce yana so ya buɗe mata ƙofa. Baba ya ce ya buɗe. Kashegari muka ji guduma."

Na ce ku kuma ba ku ce komai ba?

"Me za mu ce? Baba ya yi magana."

Inna ba ta tsaya sauraronmu ba, ta ci gaba da takawa a hankali har ta kai daidai ƙofar. A buɗe take rabi. Daga inda nake ina hango rumfar kwanon, da wata tsohuwa zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana ɓarar gyaɗa a faranti. Matar ta ɗago ta ga baƙuwa da sanda a tsaye.

"Maraba, maraba. Bismillah, shigo ki huta mana, Hajiya, rana ta yi."

"A'a, na gode," in ji Inna. "Wucewa muke."

Na ƙaraso na kama hannunta. Ta ɗan taɓa ƙarfen ƙofar da kan sandarta, ta dubi faɗinta, ta dubi tsayinta.

"Ashe ba ta da wani girma," ta ce. "Mu je, Nuhu, kada a ce muna leƙen gidan mutane."